Takardun opereta: taskar Viyana ko ta masu Turanci?

Ɗan'uwa, ka tambaya inda ya kamata mai nazarin opereta ya fara, wato wasan kwaikwayon nan na Turai da ake cakuɗa waƙa da magana da raha: taskar Jamusanci ko ta Turanci? To, ba abu ɗaya suka adana ba.

A Viyana, ɗakin karatun birnin da ke cikin ginin majalisar gari shi ke riƙe da tarin takardun Johann Strauss ƙarami, har da Die Fledermaus da rubutun hannunsa, wasan da aka fara nunawa a 1874. Can za ka ga abin da mai kiɗan ya nufa tun kafin kowa ya sa masa hannu. Wahalar ita ce wasiƙu da takardun lokacin da tsohon salon rubutun Jamusawa aka yi su, wanda ko Bajamushen yau sai ya zauna ya koya.

Ɗaya ɓangaren kuwa kayan aiki ne da suka sha hannu. Kamfanin Tams-Witmark na New York, wanda ya samu daga haɗewar kamfanoni biyu a 1925, sana'arsa a da ita ce ba ƙungiyoyin wasa hayar takardun kiɗa. Wani kaso na tsofaffin kayansa yana Jami'ar Wisconsin da ke Madison, Jamusanci da Turanci a gauraye. Ka buɗe littafin mai kula da dandali, sai ka ga alamar fensir a gefen shafi: nan wane zai shigo, nan a rage fitila. Ka ɗauki takardar mai kaɗa gogen Turawa, ka tarar an soke layukan da aka tsallake don a taƙaita wasa. Ni dai waɗannan sun fi taɓa min zuciya, domin su ke nuna abin da 'yan kallo suka ji da kunnensu.

Dubi Die lustige Witwe na Franz Lehár. An fara shi a Viyana a 1905, ya isa Landan a 1907 da sunan The Merry Widow, aka nuna shi sau 778. Amma a hanya jarumar wasan, Hanna, ta koma Sonia, ƙasar Pontevedro ta koma Marsovia, Baron Zeta ya zama Popoff. Wanda ya tsaya kan Jamusanci kaɗai ba zai ga wannan sauyin ba. Kuma da yake doka a Ingila ta hana nuna sabon wasa sai ofishin Lord Chamberlain ya tace shi, har zuwa 1968, kwafen da aka miƙa suna nan a British Library, babban ɗakin karatun Birtaniya da ke Landan.

Saboda haka in tambayarka kan kiɗan ce, nufi Viyana. In kan yadda wasan ya yi yawo ne yana sauya riga, fara da Madison da Landan, ka ajiye rubutun Jamusancin a gefenka kana gwadawa shafi da shafi.