Gidan tuwon da maza ke girki a Fagge

Wani gidan abinci da ke Fagge a Kano ya ja hankalina domin maza uku ne ke tuƙa tuwo da kaɗa miya, wata dattijuwa kuma ita ce ke karɓar kuɗi tana riƙe da lissafin ciniki. Sau biyu na ci tuwon shinkafa da miyan taushe a wurin. Tuwon ya tuƙu sarai babu gudaji, miyar ta ji kabewa da gyaɗa daidai misali, sai dai naman ya yi kaɗan idan aka dubi farashin.

Na ji wani mai cin abinci yana cewa tuƙin tuwo bai dace da ɗa namiji ba, kuma ban yarda da shi ba. Abin da halitta ta bambanta tsakanin namiji da mace, kamar ɗaukar ciki da haihuwa da shayarwa, tushensa yana cikin jiki. Rabon aiki kuwa al'umma ce ke tsara shi, shi ya sa a ƙasar Hausa maza ne ke gasa tsire, su yi kilishi, su dafa shayi a bakin titi, ba tare da kowa ya ɗauke shi abin kunya ba, alhali duk girki ne.

Abin da nake fata su gyara shi ne wurin zaman mata, wanda ya yi ƙunci ƙwarai, benci ɗaya kacal a bayan labule. Mai son miyan taushe ya je kafin azahar, domin da wuri take ƙarewa.