Kunkurun Ejina ko mujiyar Atina: wanne za ka fara saya?

Duka biyun sulallan azurfa ne na tsohuwar Girka, da guduma aka buga su ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa da wuya ka ga biyu sak.

Na tsibirin Ejina ya girmi na birnin Atina, tun wajen shekara 550 kafin haihuwar Annabi Isa. Nauyinsa kusan giram 12, mai kauri, gefensa a karkace. Gabansa kififiya ce, daga baya aka koma kunkurun tudu. A bayan sulallan farko-farkon kuwa babu zane, sai rami mai kusurwa huɗu inda ƙarfen bugu ya nutse. Mai son ganin hannun maƙeri, nan zai tsaya. Matsalarsa, ƙoƙon bayan kunkurun ya yi tudu, don haka shi ke fara gogewa.

Na Atina, mai giram 17, ya fi kyau: kan Atena, allahiyar birnin, a gaba, mujiya da reshen zaitun a baya, azurfarsa daga ma'adinan Lauriyon da ke kusa da Atina. An buga shi da yawa, samunsa ba wuya, amma jabunsa ma tuli. Wasu na ɗauke da sara da aka yi don gwada azurfar, kuma saran na rage farashi.

Ni dai kunkurun zan ɗauka.