Sharhina kan tiyatar da aka yi min a ganɗa, bayan saura ƙiris a fafe min haƙori mai lafiya

Yau wata huɗu kenan da yi min aikin, shi yasa na ce bari in rubuta yanzu da raina ya kwanta, don da a satin farko na rubuta wallahi da faɗa kawai za ku karanta.

Abin ya faro ne da ɗan kumburi a ganɗata, daidai bayan haƙoran gaba na sama guda biyun nan, inda harshe ke taɓawa in mutum zai ce "ta". Ba ciwo ba komai, harshena ne dai ya ƙi barin wajen, ko ina aiki ko ina tuƙi sai in tsinci kaina ina lasarsa. Can kuma sai na fara jin ɗanɗanon gishiri-gishiri a baki, musamman da safe, ashe ruwan da ke cikin kumburin ne ke ɗan tsattsafowa. Maman yara ce ta matsa min da mita har na je wajen likitan haƙori.

Likitan farko ya ɗau ɗan ƙaramin hoton eksire, ya ga wani baƙin da'ira a saman saiwar haƙoran, nan take ya ce jijiyar haƙori ce ta mutu ta tara ruwa, sai an yi rut kanal, wato a huda haƙori a cire jijiyar a cike gurbin, wataƙila ma duka biyun. Ni kuma haƙoran nan ba su taɓa min ciwo ba, ban taɓa faɗuwa a kansu ba, ba rami, launinsu bai canza ba. Na faɗa masa haka ya ce ai wani lokacin haka take mutuwa shiru. Har an ba ni rana, zuciyata dai ta ƙi, sai na nemi a tura ni sashen tiyatar baki da muƙamuƙi na wani babban asibiti, kuma su ne nake wa wannan sharhin.

Abin da ya fara burge ni, kafin likitar ta kalli hoton ma sai da ta gwada haƙoran. Ta fesa wani abu mai sanyin tsiya a ɗan ƙullin auduga ta ɗora a kan haƙori na dama, na zabura har sai da na ɗago daga kujera, ta koma na hagu, haka nan. Ta yi dariya ta ce "Malam, haƙorin da ya mutu ba ya sa mutum tsalle haka." Gwajin da bai kai minti biyu ba fa. Shi ne ya raba gardama.

Daga nan aka yi min sikanin ɗin CBCT, wani hoton eksire mai nuna ƙashi ta kowane ɓangare, ta juyo min da allon kwamfuta ta nuna min. Ramin yana tsakiya cif, ba a bakin saiwa ɗaya ba, kuma a hoton gaba siffarsa kamar zanen zuciya, ta ce inuwar ɗan ƙashin gindin hanci ce ke faɗowa a kai take ba shi wannan siffar. Sunansa sist na nasofalatin. Yadda na fahimta, akwai wata 'yar hanya a cikin ƙashi tsakanin ƙasan hanci da ganɗa wadda jijiya da hanyoyin jini ke bi, tun mutum yana cikin mahaifa ake barin ragowar wasu ƙwayoyin fata a ciki, to su ne wani lokaci bayan shekaru suke farkawa su yi jaka su tara ruwa. Ba ruwansa da haƙori sam, maƙwabtaka ce kawai ta haɗa su. A cikin ire-iren sist ɗin da ba daga haƙori suke tasowa ba shi ya fi yawa a muƙamuƙi, wajen mutum 1 cikin 100, ya fi kama maza, kuma an fi ganinsa tsakanin shekara 40 zuwa 60, ni ina 46, kun ga na faɗo daidai layi. Ta ce ita wannan 'yar hanyar in faɗinta bai wuce milimita 6 ba yawanci ba a ɗaukarta matsala, nawa ya kusa ninka haka uku.

Na tambaye ta ko irinsa ne ƙullutun da ya taɓa fito wa ɗana a leɓen ƙasa, ta ce a'a wancan 'yar jakar miyau ce da ta fashe saboda cizon leɓe, akwai ma babbar 'yar uwarta da ke fitowa ƙarƙashin harshe, ranula, wai daga sunan kwaɗo a Latin don tana kama da cikinsa. Ta ba ni lokaci gaskiya, ba ta yi min irin amsar nan ta "kar ka damu" a wuce ba.

Aikin kansa da allurar kashe zafi aka yi, idona biyu. Allurar ganɗa kam ba zan yi muku ƙarya ba, hawaye sai da ya zubo, amma daga nan shikenan sai ƙarar injin da jin ana turawa. Suka ɗaga naman ganɗar, suka ciro jakar gaba ɗayanta, suka mayar suka ɗinke tsakanin haƙora. Na roƙa aka nuna min a cikin kwalba, wani ɗan abu kamar fatar balan-balan da ta sace. An sa min wani faranti na roba da aka auna da bakina ya riƙe wajen, na yi kwanaki ina magana kamar mai ruwa a baki, yara suna ta kwaikwayona.

To ga inda suka ɓata min rai. Babu wanda ya gaya min ganɗata za ta mutu. Allura ta sake ni, ko'ina ya dawo, amma bayan haƙoran nan kamar ba jikina ba, in taɓa da harshe in ji kamar katako. Kwana uku ban yi barcin kirki ba ina tunanin an yanke min wani abu bisa kuskure, na kira lambar da suka ba ni ya fi sau goma ba a ɗauka. Sai ranar cire zare likitar ta ce ai jijiyar ta cikin ramin take bi, dole a taɓa ta, kuma yawanci ji yana dawowa a hankali. Haba likita, wannan ai kafin aiki ake faɗa! Ta ba ni haƙuri dai, ta ce yana cikin takardar da na sa wa hannu, takardar da nas ta miƙo min ina kan kujera an riga an ɗaura min ƙyalle a wuya.

Na biyu rizalt ɗin lab, wato sakamakon gwajin jakar da aka ciro. An ce sati biyu, sai da na yi sintiri sau uku, duk wanda na tambaya sai ya turo ni wajen wani, kai kuwa kana jiran a ce maka ba ciwon daji ba ne, ka san yadda kwana ɗaya yake tsawo. Ya fito dai, sist ɗin da ta faɗa ne, ba wani mugun abu, kuma ta ce ba kasafai yake dawowa ba in an cire shi duka.

In maki zan bayar, hannun likita da bincikenta biyar cikin biyar, bayani kafin aiki da ɗaukar waya biyu ma na yi musu kara. Yanzu jin ya dawo sai ɗan wuri kamar girman farce da har yau yake dunɗum. Haƙorana biyu suna nan ba wanda ya huda su, wata shida in ya cika zan koma a sake hoto a ga ko ƙashin ya fara cike ramin.