jamovi a Madadin SPSS: Sharhi ga Masu Rubuta Kundin Ilimin Halayyar Ɗan Adam a Gombe

Duk wanda ya zauna da ɗaliban ajin ƙarshe a Gombe ya san inda furojek yake cijewa: babi na huɗu, wato babin tantance bayanan da aka tattaro. Ɗalibi zai raba takardun tambayoyi ɗari biyu, ya sha rana wajen tattaro su, ya ɗure a jakar leda ya kai wani shagon kwamfuta a Tudun Wada ko Pantami. Bayan kwana uku sai ya biya kuɗi ya karɓo shafuka cike da tebura waɗanda bai san yadda aka haife su ba. Ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi. Ranar kare kundi malami zai sa yatsa a kan tebur ɗaya ya ce, "Me ya sa ka yi wannan gwajin ba wancan ba?" Nan ɗaki zai yi tsit. Abin yana damuna, domin ilimin halayyar ɗan Adam ilimi ne na awo, kuma wanda bai iya karanta awon da ya yi da hannunsa ba an rage masa rabin karatunsa.

Shi ya sa na ɗauki lokaci ina aiki da jamovi a kan irin bayanan da ɗalibanmu suke tarawa, kuma hukuncina shi ne: ga mai digirin farko da mafi yawan masu digiri na biyu, ya isa har ya yi saura.

jamovi manhajar lissafin ƙididdiga ce ta kyauta, an gina ta a kan harshen kwamfuta na ƙididdiga mai suna R, amma mai amfani da ita ba sai ya rubuta ko layi ɗaya na R ba. Ana sauke ta daga jamovi.org, akwai ta Windows da Mac da Linux. A shafin za ka ga iri biyu, solid da current. Ɗauki solid, ita ce wadda aka daɗe ana gwadawa. Fayil ɗin yana da nauyin megabait ɗaruruwa, don haka mutum ɗaya ya sauke inda intanet ke da ƙarfi, sauran su kwafa a filas. Wannan kwafar halas ce, ba kamar SPSS ɗin da ake fasawa ana zuba wa ɗalibai ba, wato manhajar ƙididdigar da aka saba da ita, wadda ta gaskiyarta kayan sayarwa ce ta kamfanin IBM, kuma kwafin sata kan zo da ƙwayar cuta ko ya kulle ana tsakiyar aiki. Ka tabbata Windows ɗinka mai 64-bit ne. A tsohuwar kwamfuta mai RAM 4GB tana ɗan jinkirin buɗewa, amma da zarar ta tashi tana tafiya, kuma ba ta bukatar intanet wajen lissafi.

Abin da ya fi burge ni shi ne fuskarta. An raba allon biyu: hagu bayananka ne a jere kamar a Excel, dama kuma sakamako. Kana jan sunan ginshiƙi zuwa akwatin gwaji, tebur yana fitowa a dama nan take. In ka gano ka shigar da shekarun wani 52 alhali 25 ne, kana gyarawa duk teburan da suka dogara da wannan lambar za su sauya da kansu. A SPSS sai ka sake gudanar da gwajin, sakamako sabo ya taru a ƙarƙashin tsohon, kuma a nan ne ɗalibai suke kwafar tebur da ba shi ba. Haka nan fayil ɗin jamovi mai ƙarewa da .omv yana riƙe bayanai da sakamako wuri guda, ga shi yana buɗe fayilolin Excel da CSV har da .sav na SPSS.

To amma manhaja ba ta gyara ɓarnar da aka yi wajen shigar da bayanai, kuma a nan zan fi daɗewa, domin nan ne kundi yake mutuwa ba tare da mai shi ya sani ba.

A ɗauki misalin mai son kwatanta matsin rai tsakanin ɗaliban da ke kwana a hostel da masu zuwa daga cikin gari, yana amfani da ma'aunin PSS-10 na Sheldon Cohen da abokan aikinsa. Tambayoyi goma ne, kowace ana amsa ta daga 0 zuwa 4, jimla daga 0 zuwa 40. Kowane mutum layi ɗaya, kowace tambaya ginshiƙi ɗaya: PSS1, PSS2, har PSS10. Ka rubuta lamba a saman kowace takarda da biro kafin ka fara shigarwa, wannan lambar ce za ta zama ginshiƙin farko, kada sunan kowa ya shiga fayil. In daga baya ka ga 7 a inda bai kamata a wuce 4 ba, lambar ce za ta kai ka ga takardar a cikin minti ɗaya.

Tambayoyi huɗu a wannan ma'auni, ta 4 da ta 5 da ta 7 da ta 8, an tsara su ne a juye. Suna tambayar yadda mutum yake jin ya riƙe ragamar al'amuransa, saboda haka wanda ya ba da 4 a nan shi ne mai ƙarancin matsi. In aka tara su yadda suke, jimlar ta zama shirme, kuma ba abin da zai nuna a fuskar tebur. Gyaran yana ƙarƙashin Data, ka danna Compute, ka sa wa sabon ginshiƙi suna PSS4r, ka rubuta 4 - PSS4. Haka za ka yi wa sauran ukun. Ƙa'idar ita ce ka haɗa lamba mafi ƙanƙanta da mafi girma, ka debe amsar daga ciki. In ma'aunin daga 1 zuwa 5 yake, daga 6 za ka debe. Ma'aunin ganin ƙimar kai na Rosenberg na 1965, wanda ɗalibanmu suke yawan ɗauka, biyar daga cikin tambayoyinsa goma a juye suke.

A nan jamovi yana da wata kyauta da ban ga kamarta ba. In ka shiga Factor ka zaɓi Reliability Analysis don fitar da alfa ta Cronbach, lambar da ke nuna ko tambayoyin ma'auni suna tafiya tare, kuma ka manta ba ka juya wasu tambayoyi ba, zai rubuta maka gargaɗi a ƙasan tebur, ya ambaci sunayen tambayoyin da suke tafiya saɓanin sauran, ya ce da alama suna bukatar juyi. Ruwa ba ya tsami banza: alfa da ta faɗi ƙasa warwas ko ta fito da alamar debewa kusan kullum wannan ne sanadinta. Abin da aka saba karɓa shi ne 0.70 zuwa sama.

Kuskure na biyu, nau'in ginshiƙi. Kusa da sunan kowane ginshiƙi akwai ƙaramar alama: rula tana nufin lamba ce ta awo, matakala tana nufin jeri ne mai hawa, ƙwallaye uku kuma rukuni ne kamar jinsi ko unguwa. jamovi yana yin hasashe da kansa lokacin buɗe fayil, kuma wani lokacin yana kuskure. In mutum ɗaya aka rubuta masa "22yrs" a wajen shekaru, duk ginshiƙin zai koma rubutu, ba zai shiga akwatin lissafi ba. Haka in ka rubuta "Hostel" a wani layi, "hostel" a wani, to rukuni biyu ne a wajensa, sai gwajin t, mai kwatanta matsakaicin makin rukunoni, ya ƙi tafiya domin yana son rukuni biyu cif, kai kuma kana da uku. Ka yi amfani da 1 da 2, sannan ka sa musu suna a Setup.

Na uku, guraben da aka bari ba amsa. Wasu an koya musu su sa 99. Ba laifi, amma sai ka shiga Setup ka faɗa wa manhajar cewa 99 rashin amsa ne. In ba haka ba za ta ɗauke shi a matsayin maki, mutum ɗaya ya fito da matsin rai sama da ɗari a ma'aunin da iyakarsa 40, ya ja matsakaicin rukuninsa duka. Kafin kowane gwaji ka shiga Exploration, ka danna Descriptives, ka duba mafi ƙanƙanta da mafi girma na kowane ginshiƙi. Minti biyar ne, kuma ban san wani minti biyar da ya fi su amfani a duk babi na huɗu ba.

Gwajin kansa shi ne mafi sauƙi. T-Tests, sannan Independent Samples, jimlar PSS a akwatin sama, wurin kwana a na ƙasa. Ka sa alama a Homogeneity test da Effect size da Descriptives. In gwajin Levene ya nuna bazuwar makin rukunonin biyu ba ɗaya ba ce, manhajar za ta sanar da kai a ƙasan tebur, sai ka sa alama a Welch's ka karanta wancan layin. Ina roƙon ɗalibai kada su tsaya a kan p ta gaza 0.05 kawai. Ita p, lambar da ake dubawa a ce an sami bambanci ko ba a samu ba, ba ta faɗa maka girman bambancin. Wannan aikin d na Cohen ne, inda aka saba ɗaukar 0.2 ƙarami, 0.5 matsakaici, 0.8 babba. Alaƙa tsakanin abu biyu tana ƙarƙashin Regression a Correlation Matrix, kai-sukwaya (chi-square) kuma, ta alaƙar rukuni da rukuni, tana Frequencies. Teburan suna fitowa a tsari mai kama da na APA, wato tsarin rubutu na ƙungiyar masana halayya ta Amurka, ba layukan tsaye, sai ka danna dama ka kwafa zuwa Word, ka ɗan gyara lamba da take su dace da bugu na 7 na jagorar APA da kuma tsarin sashenku.

Akwai ƙarin kayan aiki da ake saukewa ta alamar Modules a saman dama, kuma wannan kaɗai ne yake son intanet. Mai digiri na biyu da aka ce ya gwada ko wani abu yana shiga tsakani, misali ko goyon bayan dangi yana rage tasirin matsin rai a kan barci, zai sami medmod da jAMM, waɗanda suke aikin da masu SPSS ke yi da PROCESS na Andrew Hayes. Akwai kuma jpower na lissafin yawan mutanen da bincike ke bukata. A sassanmu an fi sabawa da dabarar Taro Yamane, wadda a al'umma mai mutum 2,000 take ba da 333, amma ita wannan ta ƙiyasin al'umma ce. In kwatanta rukuni biyu za ka yi, kana tsammanin bambanci matsakaici, a ƙarfin gwaji na kashi 80 (wato damar gano bambancin in har yana nan), mutum 64 kake bukata a kowane rukuni. Manhajar G*Power ta Jami'ar Dusseldorf a Jamus, ita ma kyauta, lambar da za ta ba ka ke nan.

Inda ya gaza ba zan ɓoye ba. Zane-zanensa suna da tsabta amma ba su da yawan hanyar gyarawa, wanda yake son canza launi da rubutu yadda ransa ke so sai ya koma Excel. Ba manhajar waya ba ce, sai da kwamfuta, ko ta aro. Kuma babbar matsalar ba ta fasaha ba ce: malamai da yawa idonsu ya saba da teburan SPSS, wasu littattafan jagorar furojek ma sunan SPSS suka ambata ƙarara. Kada ka gama aiki sannan ka sanar. Ka je wajen mai duba aikinka tun kana babi na uku, da tebur ɗaya a buge, ka ce, "Ranka ya daɗe, ga manhajar da nake son amfani da ita, in an amince." Gwajin t ɗaya ne ko ina aka yi shi, lambobin za su zo daidai. A ƙasan sakamako jamovi yana jera yadda za a ambace shi da R a jerin madogara, sai ka kwafa.

Abu biyu kuma ba ruwan kowace manhaja da su. Yawancin ma'aunan nan da Turanci aka rubuta su, alhali wanda za ka tambaya a Kumo ko Billiri ko Dukku wataƙila Hausa ko Fulatanci ko Tangale ya fi ji. Kada ka tsaya kana fassara da baki, kowane mutum da irin tasa fassarar. Mutum ɗaya ya mayar da takardar Hausa a rubuce, wani da bai ga ta asali ba ya mayar da ita Turanci, a kwatanta, a gyara, a gwada a kan mutum kamar talatin, sannan a duba alfa. Kalma kamar "damuwa" tana ɗaukar baƙin ciki da fargaba da matsi duka, ma'auni irin DASS-21 kuwa rarrabe ukun nan yake yi, tambaya bakwai bakwai. Na biyu, in PHQ-9 ka ɗauka, ma'aunin ciwon baƙin ciki, ka sani tambaya ta tara tana taɓa tunanin mutuwa da cutar da kai. Kafin ka raba takarda ko ɗaya, ku zauna da malaminka ku tsara inda za a tura wanda ya amsa da e. Mutum ne a bayan wannan lambar.

Ga mai hangen gaba da digirin farko, wannan ƙwarewa jari ce. Aikin duba marasa lafiya a matsayin masanin halayya yana bukatar digiri na biyu a fannin asibiti, kuma kundin can ya fi na yanzu neman lissafi. Ƙungiyoyin da ke aikin tallafin lafiyar ƙwaƙwalwa a Arewa maso Gabas suna tara bayanai da KoboToolbox a waya, kuma abin da aka tara yana fita a Excel, wanda jamovi ke buɗewa kai tsaye. Wanda yake son littafi ya bi, Danielle Navarro da David Foxcroft sun rubuta ɗaya musamman a kan koyon ƙididdiga da jamovi, kyauta ne a intanet. Sai dai ka saba da danna Save bayan kowane mataki, ka kuma tura wa kanka fayil ɗin .omv ta imel duk daren da ka yi aiki, domin batirin tsohuwar kwamfuta ba ya jira idan an ɗauke wuta.