Wace na'ura za ta nuna maka enzayim a kan ƙarfe mara tsatsa?

Abin da ke kare ƙarfe mara tsatsa wata siririyar fata ce ta oksayid ɗin kuromiyam, kaurinta nanomita 1 zuwa 3 kacal. A kanta ake shimfiɗa sinadarin da zai riƙe enzayim, kamar APTES, sannan a ɗaure enzayim ɗin, misali lisozim mai fasa bangon bakteriya. Duka shimfiɗar 'yan nanomitoci ce, ido ba ya ganinta. Don haka kafin ka sayi na'ura ko ka biya kuɗin awo a wani ɗakin bincike, fara tantance abin da kake son sani: akwai furotin a wurin (domin enzayim furotin ne), nawa ne, ko yana aiki?

In guda ɗaya tak za ka iya samu, ɗauki XPS. Tana haska ƙarfen da hasken eksire, galibi mai ƙarfin eV 1486.6 daga alminiyom (eV ma'aunin makamashi ne), ta auna elektaron da ke fitowa daga nanomita 10 na sama. Kai Siegbahn na Suwidin ya samu kyautar Nobel a 1981 saboda wannan fasaha. Tana ba ka kason kowane sinadari a lamba, kuma yadda alamar kuromiyam ke dusashewa yana nuna kaurin abin da ya rufe ƙarfen. Sai dai akwai tarko biyu da suka sha kama mutane. Na farko, duk ƙarfen da ya sha iska yana ɗauke da dattin kabon, saboda haka ganin kabon a eV 285 ba shaidar komai ba ne. Nemi alamar haɗin amayid, wato haɗin da ke ɗaure amino asid a cikin furotin, a kusa da eV 288. Na biyu ya fi ɓata min rai, domin ana yawan yin biris da shi: naitirojin a eV 400 ake ɗauka shaidar furotin, alhali APTES ma yana da naitirojin. Sai ka auna kowane mataki daban, ƙarfe tsura, ƙarfe da APTES, sannan da enzayim. Wanda ya tsallake wannan, ya yi aikin baban giwa.

PM-IRRAS ita ce abokiyar tafiyarta. Hasken infirared ke faɗawa ƙarfen a karkace, kusan digiri 80, kuma furotin yana bayyana da alamomi biyu a wajen 1650 da 1550 a ma'aunin cm⁻¹ na infirared. Ba ta buƙatar a zuƙe iska, ba ta lalata samfur, kuma ta fi XPS sauƙin riƙewa. Sharaɗinta ɗaya: ƙarfen ya zama gogagge kamar madubi. Tambayi mai sayarwa ya gwada maka da naka samfurin, kada ka yarda da gwajin da aka yi a kan zinari.

ToF-SIMS kuwa tana karanta nanomita 1 zuwa 2 na can sama, tana gano gutsattsarin amino asid ko da ƙalilan ne, tana kuma zana taswirar inda enzayim ya taru da inda ya bar fili. Amma lambobinta ba su dogaruwa wajen faɗin adadi, kuma tana son ƙwararren da ba shi da wani aiki sai ita. A ganina, ƙaramin ɗakin bincike ya aika samfur kawai.

QCM-D tana nuna yadda furotin ke manne wa cikin ruwa, daƙiƙa bayan daƙiƙa. Ka sani dai nauyin da take faɗa ya haɗa da ruwan da furotin ya riƙe, kuma abin awonta faifan dutsen kwatz ne da aka shafa wa ƙarfe, ba ainihin ƙarfenka mara tsatsa ba, kamar nau'in 316L.

Duk cikinsu babu wadda za ta ce maka enzayim yana da rai. Mataccen lisozim da mai aiki kusan iri ɗaya suke a XPS. Ware kuɗi kaɗan don gwajin aiki: tsoma ƙarfen cikin ruwa mai ƙwayoyin bakteriyar Micrococcus luteus, ka bi yadda gurɓacewar ruwan ke raguwa yayin da lisozim ke fasa su, da haske mai zangon nanomita 450. Ka wanke samfurin sosai tukuna, ka gwada ruwan wankin ma, domin enzayim da ya saki ƙarfen yana iya yin aikin a ruwa kai kana zaton na kan ƙarfe ne.