Tokaji Aszú: zaƙin da tsami ya yi wa linzami

Tokaji Aszú giyar inabi ce mai barasa, wajen kashi 11 cikin ɗari, saboda haka sharhin nan na masu sha ne. Daga yankin Tokaj take, a arewa maso gabashin ƙasar Hangari, inda kogin Bodrog ke haɗuwa da na Tisza. Kwalbar da na sha ta rabin lita ce, an rubuta 5 puttonyos a jikinta, ma'aunin zaƙi ke nan a can.

Launinta ne ya fara ɗaukar ido: ruwan zinariya mai ɗan duhu. Idan ka karkata kofi sai ka ga tana gangarowa a hankali, tana barin sawu a jikin gilashi. Ƙamshinta kuwa zuma ce, da ɓawon lemo, da zabibi, sai wani ɗan bashi mai daɗi a ƙarƙashinsu wanda ba ya fitowa sai kofin ya ɗan zauna.

Wannan bashin yana da asali. Ba a tsinke inabin da wuri, ana barinsa a jikin kurangar har kaka ta yi nisa. Hazon safiya da ke tashi daga kogunan nan biyu shi ke kawo wata funfuna mai suna Botrytis cinerea. Ita ke huda fatar inabin, ruwansa ya ƙafe da zafin rana, ƙwayar ta yamushe, sukari da tsami su taru wuri guda. Da hannu ake tsince ƙwayoyin nan, ɗaya bayan ɗaya, akasarinsu irin Furmint da Hárslevelű. Daga nan a jiƙa su cikin ruwan inabi, a adana a gangar katako cikin ramukan ƙarƙashin ƙasa. Tun 2013 ƙa'ida ta ce duk Aszú sai sukarinta ya kai giram 120 a lita.

Da jin wannan adadi mutum zai ɗauka zaƙin zai ginshe shi. Ko kusa. Kurɓin farko zaƙi ne ke cika baki, mai kauri, amma kafin ka haɗiye sai tsami ya taso ta gefen harshe ya wanke shi tas, kamar yadda tsamiya ke gyara kunu in sukari ya yi yawa. Abin da ya sa nake ƙaunarta ke nan. Na sha wasu giyoyin zaƙi masu araha da ba su da wannan tsamin, rabin kofi ya ishe ka, baki ya yi ta danƙo. Ita kuwa ɗanɗanonta yana daɗewa a maƙogwaro, kuma bakinka fes.

Sai dai tana son sanyi. Da ta ɗumama a kofi zaƙin ke yin rinjaye, ƙamshin ya yi nauyi, don haka a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan. Kada kuma a haɗa ta da kek. Na gwada, zaƙi biyu suka danne juna. Cuku mai gishiri ko soyayyar gyaɗa sun fi fito da ita nesa ba kusa ba.

Tsada kam akwai ta, ga kwalbar ƙarama. Amma wanda ya san ƙwaya ɗaya-ɗaya aka tsinto ba zai ce an cuce shi ba. Wanda aljihunsa bai kai ba ya nemi wadda aka rubuta wa Late Harvest daga Tokaj ɗin. Ta fi sauƙin kuɗi, kaurinta bai kai ba, amma tsamin Furmint yana nan.