Fokilif a bayan ƙaramar tarakta: yana aiki, amma da sharaɗi

Taraktar gonarmu Massey Ferguson 135 ce, irin wadda aka riƙa ƙerawa daga 1964 zuwa 1975, mai injin Perkins silinda uku, ƙarfinta bai kai doki hamsin ba. Gonar tana kan hanyar Vom, kusa da Jos, muna noma dankalin Turawa da kabeji da karas, kuma babu abin da ke cin kuɗinmu kamar lodi da sauke kaya. Shi ya sa na sayi fokilif na hannu, wanda ake ɗaurawa a hannuwan nan uku na bayan tarakta inda garma ke zama. Yana da tsani mai hawa da sauka, da haƙora biyu na ƙarfe da ke shiga ƙarƙashin kaya.

Ɗaurawar kanta ba wuya, in dai ramuka sun zo daidai. Ƙananan taraktoci irin tamu fin ɗinsu na ƙasa milimita 22 ne, na sama 19, manya kuwa 28 da 25. Nawa na manya ne, sai da makanikinmu ya shiga Dilimi, kasuwar kayan gyaran mota a Jos, ya samo bushin, wato zoben ƙarfe, aka cike ramin. Duk wanda ya ce maka a soka ƙaramin fin a babban rami a wuce, kada ka yarda, kaya na hawa za ka ji abu yana ƙwal-ƙwal a bayanka.

Inda aikin yake shi ne haidirolik. Famfon 135 an yi shi ne don ɗaga garma, to kafin ya tura mai zuwa silindar tsanin dole a sa bawul mai juya hanyar mai, a ja tiyo zuwa baya. Kuma mai ɗaya ne da giya da haidirolik suke sha, don haka tsani yana miƙewa man giya yana raguwa. A duba ma'auni bayan an haɗa, a ƙara. Famfon ba ya sauri. Ka ja liba, ka tsaya ka amsa gaisuwar wanda ya shigo, har ka tambaye shi iyali, kaya bai gama hawa ba. Ni hakan bai dame ni ba, domin buhun da ya hau a hankali ba ya zamewa. Hannun sama kuma mun canza shi da mai silinda don a riƙa kwantar da haƙoran daga kan kujera, sannan muka ɗaure sarƙoƙin gefe tamau saboda lilo.

Da buhu 10 na taki a kan falet, wato dandamalin katako da haƙoran ke shiga ƙarƙashinsa, kilo 500 ke nan, ga nauyin tsanin kansa, kuma duk wannan yana can bayan tayoyin baya. Tarakta za ta ɗaga, amma gabanta zai yi sakayau. Sitiyari ya yi laushi a hannu, ka murɗa dama ita kuwa ta ci gaba da miƙewa, in ka saki kuloci da ƙarfi tayoyin gaba su bar ƙasa. Sai da muka rataya ƙarafan nauyi a gaba sannan ta natsu. Ga ƙasar Jos, tudu da gangare da dutsen da ciyawa ta rufe. In za a hau tudu da kaya, da ribas ake hawa, kayan su fuskanci sama, a saukar da su kusa da ƙasa, a kuma haɗe birkin nan biyu wuri guda. Ban yarda direba ya yi tafiya da tsani a sama ba ko taku goma ne. Mai walda ya yi mana ragar ƙarfe tsakanin tsanin da kujera, don kayan suna tashi ne daidai ƙeyar mutum.

Yabon da zan yi masa, da damina ne. Nauyin yana danne manyan tayoyin baya, sai ta ratsa laka inda fokilif na kamfani mai ƙananan tayoyi zai kafe. Lodin motar kanta da a da sai an tara samari an yi ciniki, yanzu direba da yaro ɗaya sun isa.

Sai dai wuya. Aikin duka waiwaye ne, ranar lodi direbanmu da yamma kamar an ɗaure masa wuya da itace yake juyowa. Madubi ya rage, bai raba ba.

Abu na ƙarshe, falet. Mu nan buhu muka sani, a ɗora a ka, a jefa a mota. Sai da kafinta ya buga mana falet da katakon kasuwar Katako, muka koya wa yara jera buhu a sarƙe. A kasuwar kayan lambu ta Farin Gada kuwa babu mai sauke maka da inji, 'yan dako ne za su kwashe da hannu, falet ɗinka ya dawo in direba ya tuna da shi. Wanda yake da sito mai daɓen siminti da taki mai yawa, ya saya. Mai 'yar fadama da buhu ashirin, ya riƙe kuɗinsa ya gyara tirela.